Ranar da Alhaji Zailani Ya Je Neman Aure Gidansa

Luba na kicin tana soya albasa a ɗan flat ɗinsu na unguwar Stratford a Landan ta ji sallamar Almu, sai da cokali ya kuɓuce mata. Shekara biyu suna soyayya a ɓoye, daga tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa laburare, yau kuma ya ce zai fasa ƙwan.

Almu likita ne, amma a idon mahaifinta, Alhaji Zailani, jikan Barka ne kawai, bawan da ya yi wa kakan su Alhaji noma. An daɗe da daina bauta, sai dai al'ada ɗaya ta rage: duk ɗan zuri'ar Barka da zai yi aure, gidan su Alhaji ke zuwa nema masa. Alhaji kuwa akwai son girma! Almu ya fara cewa ya samu matar aure, tun bai dire magana ba Alhaji ya bugi ƙirji a gaban ƙanensa Nata'ala, ya yi alkawarin ko 'yar wane ce a Landan, shi zai je da ƙafarsa.

"Luba ce, Baba," in ji Almu, kansa a ƙasa.

Ranar dai albasa ta ƙone. Alhaji ya yi ta faɗa, ya ce ba a taɓa yi ba a danginsu, ba kuma a kansa za a fara ba. Luba ta sha kuka har ta rame, don tana son Almu kamar ranta. Almu kuma ya aiko mata cewa kada ta kuskura ta saɓa wa iyayenta, zai jira. Wata huɗu ba ta ko ɗaga wayarsa ba.

Abin dariya, aikin Alhaji shi ne sayo ƙarafan gyara gadojin da yaƙin basasa ya karya a can gida, don a lokacin kuɗin mai sun shigo. Ko'ina ya zauna wa'azinsa haɗin kai. Da ɗalibai suka gayyace shi jawabin bikin 'yancin kai a Bloomsbury, Luba ya ba takardar ta buga masa a tafireta. Tana cikin bugawa ta tsaya.

"Baba, nan ka rubuta cewa yanzu babu wanda ya fi wani asali, duk 'ya'yan ƙasa ɗaya ne. In bar shi, ko in yi cancel?"

Ba da rashin kunya ta tambaya ba, hawaye ne a idonta. Alhaji ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallon rubutun hannunsa, kunya ta kama shi. Ya ce ta bar shi.

Ranar Asabar ya ci ado da babbar riga, ya zaunar da Nata'ala a kujerarsa a matsayin waliyyin Luba, ya fita waje cikin ruwan sama, ya danna ƙararrawar gidansa. Luba ce ta buɗe, dariya na cinta. Ya yi sallama kamar baƙo, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gaban ƙanensa.

"Na zo nema wa ɗana Almu auren 'yarku Luba."

Nata'ala ya gyara zama, ya ce sai sun yi bincike a kan dangin ango tukuna, musamman uban, don an ce yana da taurin kai. Falon ya kaure da dariya, Luba kuwa ta ruga kicin tana kukan murna.

Haƙurinsu ya ba su abin da rigima ba za ta ba su ba. Wanda kuma ke son haɗa kan ƙasa, to ya fara da falon gidansa.