Mai Sauraro a Bakin Rijiya

Duk shekara, idan zafi ya kai maƙura, mutanen ƙauyen kan taru yini guda a babban lambu. Makaɗa su yi kiɗa, masu rubutu su hau dandamali su karanta abin da suka rubuta. Kafintan ƙauyen ne ke kafa dandamalin, dab da wata tsohuwar rijiya da aka rufe da katako. Mutum ne da ba ya son magana. Tun da matarsa ta rasu wajen haihuwa bai ƙara ambatonta ba. Yayarsa ce ta raini yarinyar, wadda ake ce wa Marka don cikin marka, tsakiyar damina, aka haife ta.

A shekarar da Marka ta cika goma sha tara, ta sa sunanta cikin masu karatu. Labarin ranar haihuwarta ta rubuta, shafi huɗu, daga ɗan abin da ta tsinta a bakin gwaggonta.

Da la'asar teburin karatu ya yi ta rawa, ƙafa ɗaya ba ta zauna ba. Kafinta ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya ɗauki takardar da ya gani kusa, ya ninka ta, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar. Teburi ya tsaya.

Mai jita ya sauka, mai sarewa ya sauka. Rana na shirin faɗuwa Marka ta hau. Ta karanta shafi uku, ta kai inda ta rubuta, "Sai ungozoma ta fito, ta dubi babana, ta ce..." Ta juya takarda, ba ta ga ta huɗu ba. Tana cikin lalube iska ta taso, ruwa ya sauko, kowa ya kama kujerarsa ya gudu.

Washegari da almuru dutse ya faɗo a kan kwanon gidansu. Sai na biyu. Gwaggo ta fita da muciya a hannu.

"'Ya'yan wa ne waɗannan marasa kunya?"

Ba kowa a waje. Duwatsun da ta tsinta jiƙaƙƙu ne, da gansakuka a jiki, ga ƙasa ta riga ta bushe.

A rana ta uku, a daidai wannan lokaci, aka ji murya a bayan taga, a hankali, kamar ta mai jin nauyin tambaya.

"Ta ce me?"

A rana ta biyar Marka ta daina cin abinci. Da almuru sai ta miƙe a tsakiyar ɗaki, ta dafa teburin da babu shi, ta yi ta maimaita jimlar da ta tsaya a kai a lambu har muryarta ta dushe. Kullum tana ƙara ramewa. Sai kafinta ya je ya kira malamin da ke yi wa masu irin wannan lalura addu'a.

Malam ya zauna a bakin ƙofa, ya yi ta karatu. Ya daɗe. Can Marka ta ɗago kai, muryar da ta fito ta tsoho ce, mai amsa kuwwa kamar daga cikin rami.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai sauraro. Tun ba a haife ka ba nake zama a bakin rijiyar nan. Na ji makaɗan da ba su iya ba, na haƙura. Ban taɓa kowa ba. Amma ba a taɓa barina a tsakiyar zance ba sai bana."

Kafinta ya dafe kansa. "Ni ne," in ji shi. "Takardar na cusa a ƙarƙashin teburi."

"Ruwa ya cinye ta," in ji muryar. "Na duba. In babu ƙarshe, mai labarin za ta zauna tare da ni a rijiya har ta tuna."

Gwaggo ta fashe da kuka. Malam ya ɗaga mata hannu.

"Ba ka da haƙƙi a kanta. In ka ji ƙarshen, za ka fita?"

"In na gaskiya ne. Abin da ta rubuta ma zato ne, ba a gaya mata ba. Wanda ungozoma ta yi wa maganar yana ɗakin nan."

Kafinta ya dubi hannuwansa, sannan ya buɗe baki.

"Cewa ta yi, uwar ta tafi, ga 'yarka. Na ce a kawar da ita, ba na son ganinta. Wata biyu ban ɗauke ta ba. Shago nake kwana. Wata rana na shigo neman guduma, na iske ta ita kaɗai tana kuka. Na kai hannu don in gyara mata zani, ta kama yatsana ta ƙi saki. Na koma shago na ƙera mata gado. Iyakar abin ke nan."

Sai muryar ta ce:

"Wannan ya fi na takarda. A ajiye mini kujera baɗi."

"Ba mu yi maka alkawarin komai ba," in ji malam. "Fita, don girman Wanda ya halicce ka."

Marka ta yi atishawa sau uku, ta sulale. Uban ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Da ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, na ji duka."

"To," in ji shi. Bai saki hannunta ba.

Da shekara ta zagayo aka sake taruwa a lambu. Kafinta ya zo da 'yan guntayen katako cike da aljihu. Ba wanda ya kai kujera bakin rijiya. Amma da mai karatu na farko ya hau, ciyawar wurin ta kwanta a hankali, faɗin mazaunin mutum ɗaya. Tun daga ranar, duk mai hawa dandamalin sai ya ƙirga shafukansa sau biyu.