Injin Baba

Da hantsi aka bugo waya caji ofis cewa wani jirgin fito ya kama da wuta a bakin ruwa, kuma an ciro gawar mutum ɗaya. Sufeto ya ture kofin da ke gabansa, ya kira Saje, suka hau mota.

Tsohon jirgi ne na katako, mallakin wa da ƙane da suka gada daga mahaifinsu. Kowa a tashar yana kiran babban Yaya, ƙaramin kuma Auta. Mamacin makanikensu ne, wanda ake wa laƙabi da Sifana. Yana tayar da injin, sai wuta ta tashi, ya faɗa ruwa rigarsa na ci, bai ƙara ɗagowa ba.

Sufeto ya shiga jirgin ya durƙusa gaban akwatin injin. Komai ya yi baƙi ƙirin, warin fetur ya cika wurin. Ya bi tiyon da ke kai mai daga tanki, har ya zo inda wuta ba ta ci ba.

"Saje, zo ka gani. Fashewa ce wannan?"

Saje ya leƙa. "Yallaɓai, idan fashewa ce to ta iya layi. Wuƙa ce."

Kwaɗon akwatin na rataye a buɗe, ba alamar an taɓa shi da ƙarfi.

Yaya na zaune a kan benci, dattijo mai furfura. Sufeto ya tsaya a kansa.

"Me ya kawo makanike jirginku?"

"Gyara, ranka ya daɗe. Injin Baba ne, ya tsufa, yana tari yana mutuwa a tsakiyar ruwa. Ni na ce a gyara. Ƙanena ya dage sai dai a cire a sa sabo."

"Kun daɗe kuna wannan ja-in-jar?"

"Shekaru. Ni dai abin da na sani, ƙarfen zamanin da ba irin na yanzu ba ne."

"Gyaran ya yi?"

"Ya yi mana! Jiya Sifana ya ce min injin ya koma sabo fil. Wani ne dai abin bai yi wa daɗi ba." Ya kalli inda Auta ke tsaye, ya kau da kai.

Auta bai jira an gama tambayarsa ba. "Ni jiya ban ko zo tashar nan ba. Ina cikin gari."

"Har yamma?"

"Har yamma."

Sufeto ya wuce rumfar mai gadin tashar. Tsohon yana gyara igiyar wani kwale-kwale.

"Baba, jiya ka ga Auta?"

"Na gan shi da la'asar, shi da mai sayar da injuna. Sun shiga jirgin da ma'auni, suna ta gwaje-gwaje kamar masu ɗinka wa jirgin riga."

"Yau da safe fa, wa ya buɗe akwatin injin?"

"Yaya. Ya buɗe wa Sifana, sannan ya fito ya tsaya can kan gaɓa." Tsohon ya ajiye igiyar. "Abin ya ba ni mamaki ma. Tun da nake aiki a nan ban taɓa ganin an tayar da injin nan ba sai yana tsugune kusa da shi, kunnensa a jiki, kamar likita."

Da aka dawo da Auta, Sufeto ya zare tabarau.

"Cikin garin naku har da jirgin ruwa a ciki?"

"Tsoro na ji, Yallaɓai. Gaskiya na zo. Na kawo mutumin ya auna gurbin da sabon inji zai zauna. Ban so Yaya ya sani ba."

"Ka buɗe akwatin?"

"Da me? Tun wata rigima da muka yi ya ƙwace makullina. Ta waje muka auna."

"Wa ke da makulli?"

"Shi da Sifana."

Gidan Sifana ya cika da mata masu zaman makoki. Matarsa ta fito soro, idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Ki yi haƙuri, tambaya ɗaya ce zuwa biyu," in ji Sufeto. "Maigidanki ya yi miki maganar injin?"

"Jiya ko abinci bai ci kirki ba. Ya ce injin ya gama yawo, cikinsa ya tsage, duk wanda ya ɗauki fasinja da shi ya ɗauki alhaki."

"Ya faɗa wa masu jirgin?"

"Ya faɗa wa Yaya. Yaya ya roƙe shi kada Auta ya ji. Shi kuma ya ce ba zai iya ba, rayukan mutane ne. Ya ce yau da safe zai tayar da shi, ya kira Auta ya saurara da kunnensa."

"Makullin akwatin yana wurinsa?"

"A'a. Da suka yi maganar, Yaya ya karɓe abinsa. Maigidana ya dawo gida yana cewa shekara da shekaru yana riƙe da makullin nan, yau ɗaya ya zama baƙo."

A mota Saje ya girgiza kai. "Yallaɓai, ai abin bai hau ba. Mutumin da ke shafa injin nan kamar jariri?"

"Ja mu tafi," in ji Sufeto.

A ofis aka zaunar da 'yan'uwan biyu a kan benci ɗaya. Sufeto ya ajiye guntun tiyon a kan tebur.

"Yaya, ka ce Sifana ya ce maka injin ya koma sabo."

"Haka ya ce."

"Matarsa ta ce ya faɗa maka cikin injin ya tsage."

Auta ya juyo da sauri. "Ya tsage?"

Sufeto ya ɗaga masa hannu, ya ci gaba. "An yanka tiyon nan a cikin akwati mai kwaɗo. Ba a fasa kwaɗon ba. Tun jiya makullan duka suna aljihunka. Yau kuma ka buɗe wa mutum, ka koma gaɓa ka tsaya. Me kake gudu a cikin jirgin?"

Yaya ya daɗe yana kallon guntun tiyon.

"Ban zaci wuta za ta tashi ba," ya ce a hankali. "Na rantse da Allah. Na ɗauka man zai tsiyaye, injin ya ƙi tashi, in nuna yankan in ce wani ne ya kashe shi."

"Wani, wato ƙanenka."

"Duk tashar nan ba wanda bai ji ni ina bugun ƙirji a kan injin nan ba. Har yaro na kira Auta a gaban fasinjoji, na ce bai san ƙarfe ba. Sai kuma in tsaya a gabansa in ce ya fi ni gani? Gara a ce hannu ne ya lalata shi."

"Ka ji warin fetur da ka buɗe akwatin?"

"Na ji."

"Ka yi wa Sifana magana?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Na so in yi. Ya riga ya ja igiya."

Sufeto ya yi wa Saje alama. Saje ya zaro ankwa, dattijon ya miƙa hannayensa ba gardama. Da suka kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Auta, kai ke da gaskiya."

Auta na zaune inda yake, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

"Da a gida ka faɗa min, Yaya," ya ce. "Ba wanda zan gaya wa."

Saje ya kama gwiwar hannun dattijon, suka bi ta baranda zuwa ɗakin tsare masu laifi.