Kwalbar Teku ta Goggo Asiya

A ranin 1952, Shaihu akawun Tambuwal ya yi hutu a Ikko. Tun da ya dawo ba ya da zance sai gada mai tsawon zango, da jiragen ruwa kamar unguwa guda, da teku wadda ba ta da tsallake. Kullum zaurensa cike.

Ya cika kwalba da ruwanta don mahaifiyarsa, Goggo Asiya, makauniya da ke kwance a Jabo. Ita ta roƙe shi, tana son ta taɓa teku kafin ta cika. Ranar da zai kai mata, kwalba ta ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Sufeto Ɗangiwa na 'yan doka ya dubi zauren. Sabon agogo na nan a rataye.

"Ɓarawo ya bar agogo ya ɗauki ruwa?"

"Wallahi Sufeto, gara agogon. Goggo ba ta da sauran kwanaki."

Aka kira Malami tela, maƙwabcinsa.

"Ni ban ko san da ita ba."

Sufeto ya ce, "To wa ya gaya wa 'yan kasuwa koriya ce?"

Malami ya sosa ƙeya. "Lasawa kawai na yi. Gishiri zalla! Jumare makiyayi ma ya gan ni, har yana tambaya ko da gaske ruwan ba ya ƙafewa."

Sufeto ya hau keke sai hanyar Kebbe, inda Jumare ke kiwo. Yana tafe, hasken rana na rawa bisa fako, har shi ma ya fara ganin jirage a ciki. Abin dariya, mutumin da bai taɓa wuce Gusau ba.

Ya iske Jumare a bakin tafkin da ya ƙafe ya tsattsage, da shanu bakwai duk haƙarƙari.

"Ina kwalba?"

"Wace kwalba, ranka shi daɗe?"

Wata saniya ta zo tana lasar jakar da ke kafaɗar Jumare. Ya kore ta, ta dawo.

"Saniya ba ta lasar fata sai da gishiri. Buɗe."

Jumare ya durƙusa. "Talatin nika da su bara. Akawu ya ce ruwan nan ba ya ƙarewa. Sai na zuba a tafki, yadda muke ɗiga tsohon nono cikin madara, ko shi kama. Kwana biyu nika jira."

Tausayi ya kama Sufeto ƙwarai, amma ya sa masa ankwa. Kwalbar na cikin jakar, saura kamar cokali ɗaya a gindinta.

Ta Jabo suka bi, aka aika wa Shaihu ya same su can. Shaihu ya ɗiga ruwan a tafin Goggo. Ta shafa, ta kai harshe, ta yi murmushi.

"Shaihu, ashe haka take? Ai na san ta. Ɗanɗanon hawaye ne."

Da za a wuce da Jumare, ya waiwayo.

"Akawu, don Allah, da gaske ba ta ƙafewa?"

"Da gaske. Amma ko saniya ba ta iya shanta."

Jumare ya juya, ya bi Sufeto har caji ofis.