Furar da Sadiq Ya Sha a Ɓoye

A Ƙofar Sauri akwai wata yarinya mai ƙane ɗan shekara huɗu, sunansa Sadiq. In yana barci sai ya yi ta minshari, can numfashinsa ya ɗauke, ya zabura. Abincin da ya ci ma yakan dawo masa wuya.

Da aka kai shi asibiti, likita ta ce wa iyayensu, "Hanya biyu ce. Ko a yi mashi aiki a cire naman da ya kumbura a maƙogwaro, ko mu gwada magani na wata guda. A ɗaga kan gadonshi, kuma kada ya ci komi dab da kwanciya."

Baba ya zaɓi magani.

To amma Sadiq gwanin magiya ne. Kullum lokacin barcin rana sai ya riƙe zanen yayarsa. "Yaya, fura." Ita kuma ba ta iya ganin hawayensa. Sai ta dama masa a ɓoye, ta wanke moɗar tas.

Ran nan ya sha ya kwanta. Can ta ji minsharin ya tsaya. Ƙirjinsa ba ya motsi. Ta girgiza shi.

"Inna! Inna, Sadiq!"

Inna ta shigo a guje ta ɗaga shi. Ya farka yana tari, leɓɓansa sun yi duhu.

Da Baba ya dawo ya ce, "Mun kiyaye komi, maganin bai yi ba. Gobe mu je a sa ranar aiki."

Yarinyar tana tsoron faɗan Baba, amma ta fi tsoron a yanka ƙanenta saboda ita.

A asibiti likita ta ɗauki biro. "Alhaji, ba ya cin komi kafin barci?"

"Ko loma guda," in ji Baba.

"Yana ci!" Yarinyar ta fashe da kuka. "Ni ke ba shi fura kullum. Don Allah kada a yanka shi."

Likita ta ajiye biron. "Ashe maganin bai samu damar aiki ba. Mu sake gwadawa. In bai yi ba, aikin ma ba abin tsoro ba ne."

Baba ya dafa kan yarinyar. "Ɗiyata, tausayin da ke karya dokar likita cutarwa ne. Amma gaskiyar da kika faɗa ta taimake mu."

Bayan wata guda numfashin Sadiq ya daidaita, likita ta ce ba sai an yi aiki ba. Yanzu in ya ce, "Yaya, fura," sai ta ce, "Sai ka tashi barci." Kuma da ya farka yakan tarar da moɗar tana jiransa.