Ƙofar Da Ba Ta Buɗuwa Ta Ciki

A Dogon Daji shanu suka tare hanya, motar dakon kuɗi mai sulke ta tsaya cak. Gazali, direbanta, yana jira su wuce sai ga wata budurwa rungume da littattafan ɗalibai tana ƙwanƙwasa masa gilashi. Dokar aikinsu ta hana buɗe ƙofa a hanya, gilashin kuwa ko ihu ba ya ratsa shi. Ya nuna mata kunnensa, ya girgiza kai.

Ta harare shi, ta yago takarda ta rubuta, ta manna a gilashin: "Tayarka ta baya ta kusa kwantawa."

Ranar hutunsa ya dawo har makarantar firamaren garin, ya nemo budurwar, Malama Lauratu.

"Godiya niz zo yi."

"Ashe kana da baki? Na ɗauka kurma ne sunka ba mota."

Tun daga ranar take kiransa Kurmana, shi kuwa bai taɓa jin suna ya yi masa daɗi haka ba.

Da magabatansa suka je garinsu Kebbe neman aurenta, mahaifinta Malam Ɗanmaliki bai yi kwana-kwana ba. "Ba ni ba da ɗiyata ga wanda bai san darajar ransa ba. Kullum shina bisa hanya, 'yan fashi na hanƙoron motarsa." Ga kuma Shafi'u, ɗan ƙaninsa mai sayar da hatsi, shi ma yana son ta, yana ta kai gaisuwa gidan.

Ana cikin haka, wata safiya a harabar kamfaninsu da ke Tambuwal, Gazali ya gano ƙofar bayan motar ba ta buɗuwa ta ciki. Can Atu abokin aikinsa ke zama, uban 'ya'ya biyar. In wuta ta tashi ko motar ta kife, ba shi da mafita.

"A gyara, in tafi," ya ce wa manaja Na'Allah.

"Lafiyarta lau. Tashi mota."

"Ranka shi daɗe, ba ni rufe mutum inda bai iya fita."

Ya ajiye makulli. Aka dakatar da shi, ya kai ƙara ofishin ƙwadago. Kafin la'asar Shafi'u ya cika Kebbe da cewa tsoro ya sa aka kori Gazali. Ran Lauratu ya ɓaci, ta aika masa saƙo:

"Kurmana, sai a bakin mutane zan ji? Faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce."

Ya amsa: "Malamata, ban gudu ba, ƙi na yi. Jibi masu bincike za su zo. Roƙi Baba ya zo ya gani da idonsa. In ƙarya nake, na haƙura da ke, alhali kin san ba zan iya ba."

Kwana biyu tana lallashin tsohon, har ya hau babur ya zo.

Jami'in ƙwadago ya ce manaja ya shiga ya buɗe ta ciki, tunda ya rantse lafiyarta lau. Na'Allah ya kama duba wayarsa.

"Ni a rufe ni," in ji Ɗanmaliki, ya tattare riga ya shiga.

Ya murɗa, ya tura, ya sa kafaɗa, ƙofa ko motsi. Bayan minti uku aka buɗe masa ta waje, ya fito sharkaf da gumi, hula a hannu. Jami'in ya hana motar fita sai an gyara, ya ce a mai da Gazali bakin aikinsa.

Tsohon ya daɗe yana kallon Gazali.

"Nan ciki sunka ce ka rufe mutum, kaƙ ƙi?"

"Na ƙi, Baba."

"To, ka san darajar rai. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura auren a Kebbe, Atu da 'ya'yansa biyar a sahun gaba. Da za a kai amarya, Ɗanmaliki ya riƙe hannun ango ya sa musu albarka.

"Allah shi ba ku zuri'a ta gari. Ga ɗiyata nan. Na san ba ka rufe ta inda ba ta iya numfashi."

Lauratu tana cikin lulluɓi tana hawaye, tana murmushi, ta ce amin.