Tara Ta Koma Shida

Ranar da Amastan ya fara shigowa shagon ɗinkinsu a kasuwar Arlit, Siddiƙa ta ɗauka ƙara ya kawo. Dogo ne siriri, yana riƙe da rigar ƙwallo, wadda samarin garin ke kira mayo.

"Kai ne ka ɗinka wannan?" ya tambaye ta.

Ta ɗago kai daga keken ɗinki. "Ni mace ce, malam. Ke ake cewa."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ba'abzine ne, a Dannet ya tashi cikin makiyaya, Hausar ma a filin ƙwallo ya tsince ta.

"To, ke. Lamba tara koci ya ba ni. Dubi bayan rigar."

Ƙungiyar garin ce ta kawo musu riguna a ɗinka lambobi. Cikin sauri ta kifa tararsa, ta koma shida. Siddiƙa ta rufe baki da mayafi.

"Wayyo! Kawo in gyara yanzu."

"A'a, bar ta. Jiya da ita na ci ƙwallo biyu. Hannun da ya yi kuskuren na zo gani."

Tun daga ranar ba ya rasa abin da zai kawo ɗinki. Yau maɓalli ya tsinke, gobe aljihu ya yage. Ita kuma ta sa masa suna Shida, shi yana ce mata Telata. Da yamma takan bi ta gefen fili idan ta tashi daga shago, ta rage sauri kaɗan. Shi ne ɗan wasan gaba, ba ya yawan gudu, amma duk inda ƙwallo za ta faɗo sai a tarar ya riga kowa.

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Malam Nomau, bai yi faɗa ba. Mutumin Tawa ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa cikin ramin ma'adinin Akokan, har aka rufe shi. Ya fito da tari da kuma tsoron duk abin da ba shi da tabbas.

"Mi ne sana'atai?" ya tambaye ta.

"Ƙwallo, Baba."

"Ɗiyata, wanda cinsa da shansa ke bisa ƙafa guda, in ƙafar ta karye fa? Ga Tijjani nan, shina aiki a kamfanin kuran, mai ba da wutar lantarki, can Cirozerin, an san gidansu. Ki yi tunani."

Tijjani ba shi da aibu. Duk hutu sai ya zo gaishe da tsohon, ya zauna a tabarma da ladabi. Siddiƙa takan kawo masa ruwa ta gaishe shi, zuciyarta kuwa tana wani wuri.

A wannan shekarar wata ƙungiya ta Yamai ta ɗauki Amastan. Daga cikin motar da ta kama hanyar Agadas ya turo mata saƙo:

"Telata, na tafi amma ban tafi ba. Ki gaida Baba, ko bai amsa ba."

Ta mayar masa: "Shidana, ka ci abinci, ka riƙe salla. Ƙwallon ma ka ci, amma bayan waɗannan."

Ya yi ta ci kuwa. Kafin kakar wasa ta ƙare sunansa ya cika rediyo, aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Ranar wasansa na farko, mutanen layin kasuwa suka taru gaban tele a shagon mai shayi. Da ya tashi sama ya sa kai ƙwallo ta shige raga, ihun da aka yi har awaki sai da suka watse. Siddiƙa na can bayan mata, tana share hawaye da bakin mayafi.

Daga nan wata ƙungiya a Maroko ta saye shi. Ya aiko mata hoton teku, ya rubuta: "Ruwan nan ba shi da iyaka, kuma ba a sha. Na fi son randar gidanku."

Sai ga ranar da ba ta so. Ana tsakiyar wasan ƙasa, mai tsaron baya ya faɗo masa a gwiwa, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya yana rufe da fuska. Ya turo mata cewa ƙaramin ciwo ne. Bayan haka saƙonninsa suka yi ta raguwa, har suka ɗauke.

Ana cikin haka 'Yargata, ƙanwar Tijjani, ta zo shago ta miƙa mata waya. Hoton Amastan ne, wata mata fara tana riƙe da hannunsa, suna dariya.

"An ce ita zai aura," in ji 'Yargata. "Ni dai na ga ya kamata ki sani."

Siddiƙa ta gama ɗinkin da ke gabanta tsaf, sannan ta rubuta masa: "Na ga hoton. Da ka faɗa mini da bakinka, da ya fi. Allah ya ba da zaman lafiya."

Bai amsa ba. Ta gaya wa mahaifinta ta yarda a saurari mutanen Tijjani.

Wata safiya Fadimata, yayar Amastan, ta shigo shagon ko zama ba ta yi ba.

"Matar da kika gani ma'aikaciyar asibiti ce, ita ke koya masa taka ƙafa bayan an yi masa aiki. Ƙungiyar ba ta sabunta kwantiraginsa ba. Yana nan gidan kawunmu Ghissa tun makon jiya, ya hana a gaya miki."

"Don me?"

"Je ki tambaye shi."

Da la'asar suka tafi tare. Ta same shi a inuwar bukka, sanda a gefensa, ya rame, shayi na tafasa bai ko kula ba.

"Shida, haka ake yi?"

Ya kasa kallonta. "Abin da Baba ya faɗa ne ya faru. Ƙafar ta karye. Da na ga saƙonki sai na ce gara ki tafi da fushi, ki auri mai tabbas."

"Wa ya ce ka zaɓa mini? Ƙafarka na ce ina so?"

Idonsa ya cika. Ta jawo buta ta sauke daga wuta.

"Shayinka zai ƙone. Zuba mana."

A ranar ta sami mahaifinta ta durƙusa, ta ce ta yi gaggawa, ta nemi gafara. Tsohon ya ce shi bai sake ra'ayi ba, amma ba zai yi mata dole ba. Tijjani da ya ji, da kansa ya zo ya ce ba ya son auren da zuciyar amarya ke wani gida. Ya yi musu fatan alheri ya koma bakin aikinsa.

Malam Nomau yana da al'ada, bayan asuba yakan taka a ƙasa ta hanyar Akokan saboda ƙirjinsa. A nan ya fara cin karo da Amastan, yana jan ƙafa da sanda. Amastan ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Kashegari ma haka. Tun suna wuce juna har suka koma jerawa, don saurinsu ɗaya ne. Wannan ya tsaya tari, wancan ya jira shi. Wancan ya tsaya murza gwiwa, wannan ya yi kamar yana kallon tudun ƙasar ma'adini.

Watanni suka shuɗe. Sanda ta tafi, tafiya ta zama sassarfa. Amma duk inda Amastan ya kai da gudu, sai ya juyo ya rako tsohon har ƙofar gida.

Wata rana Siddiƙa na shara a tsakar gida ta jiyo muryar mahaifinta a zaure.

"Yaro, in ƙwallon ta ƙi hwa?"

"Kawu Ghissa na da lambu a Abzin, Baba. Na iya ban ruwa, na iya tuƙi. Ba zan bar ta da yunwa ba."

Tsohon ya yi tari, sannan ya ce:

"Ni na shiga rami ina cewa aikin nan ba shi ƙarewa. Ya ƙare. Ban ga sana'ar da ta yi ma kowa alkawari ba. Ka hwaɗa ma kawunka shi zo."

Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Siddiƙa.

Tsohuwar ƙungiyarsa ta Yamai ta ba shi dama ya gwada. Wasannin farko a benci ya yi su, yana shiga ana dab da tashi. Sannu a hankali ƙafar ta tuna aikinta. Da aka sake fitar da sunayen 'yan wasan ƙasa, nasa na ciki. Ya turo mata: "Sun kira ni. Ina tsoro kaɗan."

"Ni ma," ta amsa. "Shiga da bismilla."

Ya shiga, ya buga har ƙarshe, ya fito da ƙafafunsa.

Da aka tafi hutun kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Nomau. Dangin ango suka zo daga Dannet da rawunansu masu shuni, dangin amarya suka cika mota daga Tawa, abokan wasansa na Yamai suka tsaya a baya suna ta ɗaukar hoto. Matan Abzin suka buga gangarsu ta tande, matan Tawa suka rangaɗa guɗa.

Kafin a fita da amarya, tsohon ya kira su biyun, ya ɗora hannun ɗiyarsa a kan na Amastan.

"Ga ta nan, na ba ka amana. In daɗi ya zo ku ci tare, in wuya ta zo kar wani shi ɓoye ma wani. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," in ji Amastan.

Siddiƙa ta ƙara riƙe hannun mijinta, mata suka ja ta zuwa mota suna guɗa.