Ƙwaƙwalwar Jidda

"Ki fito mana! Ƙofar gida kawai na ce!"

Muryar Hajja Ma'u ce, mahaifiyar Abduljalil, saurayina. Tana tsaye a waje cikin farin tob, mayafin nan mai naɗe jiki duka, unguwa duk ta zuba ido.

Na ɗaga ƙafa zan tsallake dokin ƙofa...

Sai abin ya zo.

Ƙirjina ya hau dukan ganga, yatsuna suka mutu. Na tabbata yau zan bar duniya.

"Yumma... mutuwa zan yi!"

Mahaifiyata ta rungumo ni muka zube tare. Hajja Ma'u ta gyara tob ɗinta ta juya, ko sallama babu.

Tun ranar da aka yi kamen masu shayi a kasuwar Gadarif nake haka. Ina gaban murhuna ina dafa shayi motar 'yan sanda ta tsaya, mata suka watse, kofuna suna fashewa. Ni ba a ma kama ni ba. Amma daga ranar, duk sanda na doshi titi sai jikina ya ce ga mutuwa nan. Kasuwa ta gagare ni, sannan gidan maƙwabta, sannan ƙofar gidanmu. Duniyata ta koma ɗaki da gindin dalbejiya.

An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu har cikina ya gaji.

Abduljalil tarakta yake tuƙawa a gonakin riɗi na wajen Hawata. Da labari ya kai masa, ya bar aiki ya zo da wata likita, Diktora Zuwaira, har tsakar gidanmu. Ummusalama, 'yar kawunsa, ta biyo su, wai ta zo duba ni.

Diktora ta daɗe tana yi mini tambayoyi, sannan ta kama hannuna.

"Jidda, ba aljani ba ne, ba kuma hauka ba. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, shi ne mai gadin tsoro. Masu bincike sun ga a wasu masu irin ciwonki girmansa da aikinsa sun ɗan bambanta da na sauran mutane. Mai gadinki yana ihun ɓarawo alhali babu ɓarawo."

"Zai kashe ni?"

"Abadan. Yana zuwa, yana wucewa. Da magani da saba wa jiki a hankali, za ki fita."

Na fashe da kuka. Karon farko ke nan da aka gaya mini sunan abin da ke cina.

Abduljalil ya yi murmushi har haƙoransa suka fito.

"Kin ji ko, habibti, masoyiyata? Halas, an gama!"

Ashe ba halas ba.

Kafin magariba Ummusalama ta kai wa Hajja nata fassarar.

"Gwaggo, da kunnena na ji. Ƙwaƙwalwarta ba irin ta mutane ba ce! Aljani ai ana fitar da shi, halitta fa? Haka za ta haifa miki jikoki."

Maganar da ta kwance ni, ita aka ɗauka aka ƙara ɗaure ni da ita. Yara suna leƙe ta zana su ga mai karkataccen kai. Hajja ta rantse in ɗanta ya aure ni, babu ita babu shi.

Abduljalil ya zo da la'asar, ya zauna nesa da ni kamar kullum, idanunsa jajur.

"Yaya Abduljalil, ka auri Ummusalama."

"Jidda!"

"Ita tana zuwa biki, tana zuwa kasuwa. Ni me zan yi maka? Matar da ko asibiti ba za ta iya raka ka ba..."

"Na ce miki 'yar rakiya nake nema?"

"Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba."

Ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki muryarsa rawa take.

"Ba zan saɓa mata ba, ya ruhi. Ba kuma zan auri wata ba. Sai mu zauna haka, ke a ciki, ni a waje, har mu tsufa."

Wannan maganar ta fi ciwon zafi.

Na kama shan magani. Diktora ta koya mini jan numfashi, ta ce kada in gudu in abin ya zo, in tsaya ya gama haukansa. Yau bakin ƙofa, gobe bakin famfo, jibi in koma ɗaki kamar ban taɓa fita ba. Damina ta wuce, aka yanke riɗi, ina nan ina fama.

Wata safiya na yafa tob na ce, "Yumma, kira mini raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku."

Hanyar gidan Hajja ta tsakiyar kasuwa ta bi. Na rufe ido, ina jin ƙamshin gahawar jabana da ƙarar kofuna, ina daƙile kuka. Da ƙafata na shiga gidan. Hajja na zaune tana tuyar kisra, siririyar wainar nan ta dawa, Ummusalama a gefenta.

Ko gaisuwa ban gama ba abin ya taso.

"Ga shi nan, Gwaggo! Na gaya miki!"

Na durƙusa, gumi na zuba, haƙorana na karo.

"Hajja... kada a taɓa ni. Ki duba kawai. Wannan shi ne duka... babu wani a bayansa."

Ta duba. Na ja numfashi, na sake, na ja, na sake. Kisra ta ƙone a kan kasko babu wanda ya kula. A hankali ƙirjina ya lafa, yatsuna suka dawo nawa. Na ɗago na ƙarasa gaisuwata daga inda na tsaya.

"Kin san zai zo miki a nan?" Hajja ta tambaya.

"Na sani."

"Kika taho?"

"Ina son ɗanki, Hajja."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya.

"Ummusalama, kina zaune? Kawo wa baƙuwata ruwa."

Bayan sallar layya aka ɗaura aurenmu. Ranar kai amarya ma sai da abin ya zo mini a cikin mota, mata suka rikice, Hajja ce ta daka musu tsawa ta ce a ba ni iska.

Da aka watse, Abduljalil ya durƙusa gabana ya ɗage mayafina.

"Yaya ƙirjin, amaryata?"

"Yana bugawa sosai..."

Ya miƙe a firgice. Na riƙo rigarsa ina dariya.

"Zauna. Wannan bugun kai ka jawo shi."